Baba Tsintsiya da Ruwan Filatinam

A layin maƙeran zinare ba wanda ke kiransa da wani suna sai Baba Tsintsiya. Ba ramarsa ce ta jawo masa ba, ko da yake yana da ita har ta yi yawa. Shara ce. Mutumin nan bai taɓa yarda ƙurar shagonsa ta fita waje ba. In ya goge zobe da magagari, sai ya bi teburi da buroshi, ya kakkaɓe cinyarsa, ya share ƙasa, ya juye duka a wani gwangwani mai murfi. Hannu ma a roba yake wankewa, ya bar ruwan ya kwanta, ya tsiyaye a hankali, ya adana abin da ya rage. In gwangwanin ya cika sai ya ƙona, ya narka, ya fito da ɗan zinare kamar ƙwayar shinkafa, ya bi layi yana nuna wa masu yi masa dariya.

Cikin 'ya'yansa, Auta ce ta fi nisa a karatu. Ilimin sinadarai ta yi, ta zauna a jami'a tana bincike a kan zinare da filatinam, wani farin ƙarfe mai tsada. Ranar da ya ji haka, har shayi ya saya wa maƙwabta. "Gado ne," yake ta faɗa, "a wajena ta ɗauko."

Sai ya shirya, ya sa kayansa na fita kunya, ya je ganin wajen aikinta. Aka ba shi farar riga da tabarau, ya shiga yana ta waige-waige. Kwalabe ko'ina, wani inji na gurnani, ga akwatin gilashi mai zuƙe hayaƙi. Ba guduma, ba uwar maƙera, ba abin da ke ƙyalli.

"To ina zinaren?"

Auta ta ɗago wata 'yar kwalba mai wani ruwa ruwan ɗorawa. "Ga shi nan, Baba. Mun narkar da shi a asid. Wannan garin kuma filatinam ne, mun ɗaure shi da wasu sinadarai."

Ya duba kwalbar, ya duba 'yarsa. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana raba zinare da datti, ga jininsa tana ɗaukar mai tsabta tana cakuɗa shi da gangan, har ana biyanta albashi. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Wa zai sa wannan a wuya?"

"Ba na sawa ba ne, Baba."

"To na mene ne?"

"Shi muke nema mu gano."

Tun daga ranar ya daina zancen gado. In aka tambaye shi aikin Auta, sai ya ce, "Tana can tana ɓata ƙarfe," ya ci gaba da shararsa.

Ana nan sai matarsa ta kwanta ciwo. Mace ce mai baki, wadda ko bacci take sai ta ba ka amsa, amma ta koma shiru. Asibiti suka ce ciwon daji ne, kuma akwai magani ta hanyar ƙarin ruwa, sai dai dole a yi ta komawa har a gama. In aka tsaya a hanya, ciwon zai dawo da ƙarfinsa.

Ranar farko suna zaune a asibiti, ruwan magani na ɗiga daga leda, Auta ta karanta rubutun jikin ledar ta yi murmushi. "Baba, ka san me ke shiga jikin Umma? Filatinam ne. Ɗan'uwan garin nan da ka raina."

"Kai! Wannan farin ruwan?"

"Shi. Wani ne ya fara haɗa shi tun da daɗewa, a ɗaki irin namu, bai ma san magani ba ne. Sai can baya wasu suka gano yana hana ciwon yaɗuwa."

Baba Tsintsiya bai ƙara kallon komai ba sai ledar. Da nas ta zo cirewa ya ce ta dakata, akwai saura a ƙasa. Da ta cire ta juya baya kuwa, ya sa hannu ya ɗauke ledar ya cusa a aljihu, don a saninsa ba a zubar da abin da ya taɓa ƙarfe mai daraja. Ya kusa kaiwa ƙofa nas ta hango igiyar tana lilo a gefen rigarsa.

"Baba! Tsaya! Wannan guba ce, mu ma da safar hannu muke taɓawa!"

Aka ƙwace ledar, aka kai shi famfo aka wanke masa hannu da sabulu kamar ƙaramin yaro, aka sa ya tuɓe rigar. Abin da ya fi masa ciwo, yana gani ruwan wankin ya bi rariya. Matarsa kuwa ta yi ta dariya har da hawaye. "Malam, ni dai kada wata rana ka ɗora ni a sikeli."

Dariyar ba ta daɗe ba. Da suka koma gida amai ya sa ta gaba, ko ruwa ba ya zama. Bakinta ya yi ɗaci, kunnuwanta suka riƙa ƙara, ta rame har ta kusa kamo mijinta. Da lokacin komawa ya matso ta ce ita fa ta gama. Yara suka yi magiya, 'yan'uwa suka yi, Auta ta yi bayani har muryarta ta dushe. Uwar ta juya musu baya ta fuskanci bango.

Baba Tsintsiya ya rufe shago da rana tsaka, ya nufi jami'a. Wannan karon bai tsaya neman ƙyalli ba.

"Auta, wannan naki da kike dafawa, na mene ne? Gaya mini gaskiya."

"Irin na Umma ne, Baba. Muna neman wanda zai kashe ciwon ba tare da ya wahalar da mutum haka ba."

"To ɗebo mata mana!"

Idonta ya kawo ruwa. "Bai kai ba. Ko a jikin ɓera ba a gwada ba tukuna. Wataƙila sai bayan shekaru, wataƙila ma ba nawa ne zai yi ba, sai na wanda zai ɗora a kai. Umma dai ba za ta same shi ba. Wancan na asibiti shi ne muke da shi, kuma yana aiki, wallahi yana aiki."

Ya daɗe yana kallon kwalaben. Tausayinta ya kama shi, sai ya ce ta riƙa rufe murfi da kyau.

Da safen ranar komawa ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado. Ya tanadi dogon jawabi a kan darajar filatinam, yadda ba ya tsatsa, yadda wuta ke shan wahala kafin ta narka shi. Ya buɗe baki, jawabin ya gudu.

"Uwar yara," ya ce, "tsoro nake ji. Ni ban iya zaman gidan nan ba ke ba. Ban ma san inda ake ajiye komai ba."

Tun da suka yi aure ba ta taɓa jin ya ce yana tsoron wani abu ba. Ta juyo ta ƙare masa kallo, tsoho siriri da hannuwa duk tabon wuta, yana murza hula.

"Dube shi," ta ce. "Ni ke ciwo, shi ke kuka. Miƙo mini takalmina."

A ƙofar gida suka tarar da Auta ta tsayar da mota, ta rataya jaka za ta bi su. Ya tare ta da hannu.

"Ina za ki?"

"Asibiti mana, Baba."

"A'a. Riƙe hannu da miƙa roba, wannan ni ma na iya. Ke wuce wajen aikinki." Ya taimaka wa matarsa ta zauna, ya gyara mata mayafi, sannan ya leƙo ta taga. "Ki yi sauri da shi, kin ji? Uwar wani na nan tafe, kada ta sha irin wannan."