Neman Wata Rijiya a Unguwar Yara

Muna idar da sallar asuba muka bar Abuja, ni da Baba da ƙanwata da ke tuƙi. Hannun titin da muke bi fayau, ɗaya hannun kuwa motocin ma'aikata masu shiga birni sun yi cirko-cirko tun daga Mararaba. Ƙanwata har ɗaga musu hannu take yi, wai jaje.

Abin da ya kai mu Keffi bai wuce Baba ba. Idonsa yana ta raguwa, ya ce kafin ya rufe yana so ya ga abokinsa na ƙuruciya, wanda gidansu ya riƙe shi lokacin da yake fataucin doya. Ba lamba, ba kwatance. Abin da ya tuna kawai: unguwar Yara, rijiya a gindin tsamiya, masallaci a gefe.

Aikina rubuta manhaja ne, don haka kafin mu tashi na gwada sa'ata. Akwai buɗaɗɗiyar taswira a intanet wadda kowa ke iya ƙara wa bayani. Da wani ɗan laburare mai sauƙi, wato kayan aikin da masu sana'armu ke ɗauka kyauta, na rubuta layukan umarni da ba su kai goma ba: a ba ni duk rijiyar da ke kusa da masallaci a Yara. Kafin shayina ya huce, ga biyar sun fito. Na yi mamaki, don ban zaci wani ya damu da lungunan ba.

A Keffi muka karya da waina da miyar taushe. Doya kuwa arharta ta sa ƙanwata ta fara auna but ɗin mota da ido.

Rijiya ta farko an rufe ta da siminti. Ta biyu mangwaro ne a kanta. A ta uku Baba ya ce mu koma gida, kada mu wahala. Sai wani tela ya leƙo wayata ya ce, "Ai wannan aikin Hajiya ne, ku zo."

Hajiyar tsohuwar ma'aikaciyar lafiya ce. Tun da ta yi ritaya take bin lungu-lungu da waya, tana saka rijiyoyi da asibitoci a taswira, ba wanda ya sa ta. Ta saurari Baba, ta ɗora yatsa kan ta biyar. "An sare tsamiyar, amma kututturen na nan."

Ita ta shige gaba. A zauren gidan da ke daf da rijiyar wani tsoho na zaune kan tabarma. Baba ya yi sallama. Tsohon ya ɗago, ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Ɗan doya! Sai yau ka ga dama?" Suka rungume juna. Ni da ƙanwata muka fita waje, kowa na ɓoye wa kowa fuska.

Bayan la'asar muka kamo hanya, mota cike da doya, Baba na ta labari har gida. Ni dai ina tunanin layukana da nake taƙama da su. Tambaya kawai suka yi. Amsar kuwa wata baiwar Allah ce ta taka da ƙafarta, cikin rana, ta ajiye wa mutanen da ba ta taɓa gani ba. Washegari na fita da waya a unguwarmu don ni ma in ƙara wa taswirar bayani, na fara da famfon ƙofar gida.