Neman Kakata Baturiya a Madina

Jos zuwa Jidda

Ana kiran assalatu muka bar Jos, ni da maigidana, zuwa filin jirgin Kano. Umara ta fito da mu, amma akwai saƙon Inna, mahaifiyata, a wuyana. Mahaifiyarta, Maryamu, 'yar Turawan Ingila ce da suka zo haƙar kuza suka zaune a Bukuru. Nan aka haife ta, ta musulunta, ta auri kakana. Sun tafi Hajji ta ƙasa, suka bar Inna wajen dangi tana fama da ƙyanda. Kakana ya rasu a hanya, ita kuma aka ce ta zauna a Madina. Yanzu Inna ta tsufa, abu ɗaya take son ji: ko uwarta ta taɓa tunawa da ita.

Madina

Daga Jidda muka hau bas. A shingen shiga gari ɗan sanda ya ƙare wa hasken fatata kallo, ya ce, "Muslima?" Raina ya ɓaci, ga ni da carbi a hannu. Muka sauka kusa da Harami, muka ci shinkafa da kaza ta riyal goma.

Harra ta Gabas

Washegari da hantsi wani ɗan Nijar ya ɗauke mu a tasi zuwa unguwar Harra, inda aka ce mutanenmu suka fi zama. "Baturiya a Harra, Hajiya? Wallahi ma fi, babu ita." Duk da haka ya yi ta yawo da mu lungu-lungu. Aka kai ni gidan wata Baturkiya, daga nan gidan wata 'yar Sham, kowacce na kallona ina kallonta. Kaina ya ɗaure, har na fara zargin ko dangi sun ƙaga labarin ne.

Yunwa ce ta zaunar da ni gaban wata tsohuwa mai waina, Hajiya Zinatu. Na zayyana mata komai.

"Maryamu 'yar Jos? Ita ta koya mini wannan suyar, Allah ya jiƙanta. Ingiliziyya ce? Mu duk Buzuwa muka ɗauke ta. Wa zai ji Hausar nan ya ce Baturiya?"

"Baba, ta taɓa zancen 'yarta?"

"Kullum. Wani alhajin garinku ya ce mata ƙyanda ta kashe yarinyar. Shi ya sa ba ta koma ba. Duk Juma'a sai ta yi mata addu'ar mamata da sadakar waina."

Na rasa kuka zan yi ko murna.

Gida

Mun kammala Umara, mun iso Jos lafiya, godiya ga Allah da duk wanda ya nuna mana hanya. Ko mayafi ban cire ba Inna ta riƙo hannuna.

"Ta tuna da ni?"

Na ce, "Kullum tana yi miki addu'a, Inna, har ta rasu."

Ta yi murmushi, ta ce a kawo mini ruwa. Har yau ban faɗa mata wace irin addu'a ce ba.