Tumatirin Lambun Baba

Jiya a kasuwar Sabon Gari wata Bayarabiya ta miƙo min ɗaurin ɗoɗɗoya, sai ƙamshin ya tuna min da Baba, mahaifin maigidana.

Ya daɗe yana kuku a wurin Turawan Italiya masu aikin titi. Da ya bar aiki ya kama lambu a bayan gidanmu na Fagge, takinsa kashin awaki kawai. Shekarar da soja suka miƙa mulki, 'yan siyasa suka kawo masa takin zamani, ya ce su kai gaba.

Ina amarya ya ajiye surukuta gefe, ya kira ni in koyi miyar taliyarsa: tumatiri, tafarnuwa, ɗoɗɗoya, mai da gishiri. Na ga abin ba armashi, na ɓare dunƙule zan jefa. Ya tare da ludayi.

"'Yata, ɗanɗana tukuna. Tumatirin da aka yi wa adalci ba ya neman taimako."

Na ɗanɗana, na ƙulle dunƙulen a haɓar zani.

Yau shaguna ne a wurin lambun, miyata kuwa ba ta ciwuwa sai da dunƙule. Allah Ya sanyaya makwancinka, Baba, Ya ba ka lambun da ba mai sayarwa.