Shanun da Jannat ta ƙi ƙirgawa

Shekara goma sha shida ke nan Malama Haulatu tana riƙe da aji ɗaya a wata firamare da ke Kaikai. 'Yar Rimaye ce, aure ya kawo ta ƙasar Kusada. Sau biyu ana so a mayar da ita aji shida tana ƙi, ita dai a bar ta da ƙanana. Ba ta cika tsayawa gaban allo ba. Takan ba da lissafi, ta tattare hijabinta ta zauna kan tabarma cikin yara tana kallon hannuwansu. Nan take gane inda kowa ya kai. Wani sai ya jera tsakuwa ya faro ƙirga daga ɗaya. Wani ya riƙe biyar a ka, ya ɗora uku da yatsu. Wata kuma gaɓoɓin yatsu take bi, yadda ta ga kakarta tana tasbihi.

A bana yarinya ɗaya ta ɗaure mata kai: Jannat, 'yar rugar da ke bayan gari. In tarawa ce da tsakuwa, ba mai riga ta. Da aka zo ɗebewa, Malama ta so ta sauƙaƙa mata da abin da ta sani, ta ce, "Shanu tara, uku sun mutu, saura nawa?" Jannat ta dunƙule hannu ta sunkuyar da kai. Kullum Malama ta sake kawo shanu, kullum shiru, har mako uku. Ga jarrabawa ta matso, mahaifin yarinyar kuwa ya riga ya faɗa: in aka ce ta maimaita aji, boko ba rabonta ba ne, ta koma kiwo.

Ran Asabar Haulatu ta taka har rugar. Ta iske Inno, kakar Jannat, tana kaɗa nono. Bayan gaisuwa ta ce, "Inno, jikarki kanta na ja, amma ɗebewa ta gagare ta."

"Mi kike ɗebe mata?"

Haulatu ta maimaita tambayar. Inno ta saki maburgi ta yi salati.

"Haba ɗiyata! Shanu uku rana guda? Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Mu nan ko ƙirga su ba mu yi, albarka ke gudu, kowace da sunanta muka san ta. Ke kin ƙirga, kin kashe, sannan kina so ta ce miki amin?"

Kunya ta rufe Haulatu. Ran Litinin ta zo aji da curin fura goma da ta mulmula da laka, ta jera a faifai gaban Jannat.

"Inno ta dama huɗu. Saura nawa?"

Yarinyar ko taɓa su ba ta yi ba. "Shida. Amma Malama, Inno ba ta iya shanye huɗu."

Saura hedimasta, Malam Abdulbaƙi, don tambayoyin ɗebewa da ya shirya wa ajin na jarrabawa duk dabbobi ke mutuwa a ciki. Haulatu ta same shi a ofis ta nemi ya canza su.

"Malama, lissafi lissafi ne," in ji shi. "Saniyar takarda ba ta mutuwa."

"Ranka ya daɗe, in na ce 'ya'yanka bakwai, uku sun rasu, za ka ba ni amsa?"

"A'uzubillahi! Wace irin magana ce wannan?"

"To ka ji abin da take ji. Ba zan tashi ba sai an canza."

Ta kuwa zauna. Ya dube ta, ya dubi takardar, ya ciro biro ya bi shanun yana sokewa, yana mita.

Ranar jarrabawa Jannat ta ɗebe mangwaro, ta ɗebe ƙwai, ta ɗebe curin fura, ɗaya kawai ta faɗi cikin goma. Da aka dawo hutu, mahaifinta da kansa ya rako ta, sanda a kafaɗa, yana tambayar wace ƙofa ce ta aji biyu.