Ranar da Baba Ya Tambaye Ni Yawan Agwagi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma yammacin da na raka Baba bakin tafkin birnin Yawunde ba zai taɓa fita daga raina ba.

Shekarun matsin tattalin arziki ne, waɗanda ake ce wa kiris, lokacin da aka zaftare albashin ma'aikata, kowa ya koma lallaɓa tsohuwar rigarsa. Baba yana da shagon ɗinkin manyan riguna a unguwar Briketiri, aikin hannu zalla. Ni kuwa an sallame ni daga ofis, na ɗaure jaka zan tafi Gabon neman sa'a, saura kwana biyu. A lokacin ji nake na fi ƙarfin allura.

Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya zauna hira da shi. Shekara ashirin da biyar "kai" nake amsawa. Shi ya sa na yi mamaki da ya ce bayan la'asar, "Kai, zo ka raka ni."

Hadari ya riga ya haɗo ta wajen unguwar Nkomkana. Muka gangara, muka ratsa wani lambu iska na watsa mana ganye. Muna isa tafkin ruwa ya tsuge, muka raɓe a gindin wani mangwaro. Can a tsakiyar ruwan ga waɗansu fararen agwagi masu dogon wuya, iska na tura su, suna dawowa abinsu. Baba ya kafa musu ido.

"Guda nawa ne?" ya ce.

Ni takalmina na tafiya nake ji, ya sha ruwa. Na ce, "Baba, ga su nan gabanka. Biyar."

"Duka farare ne?"

"Haba Baba. Mu koma, kada taksi ya gagare mu."

Ya ce, "To. Allah ya kiyaye hanya." A dawowa ya dafa kafaɗata har gida, na ɗauka santsi yake tsoro.

Sai bayan shekara uku na dawo. Na tarar da shagon a hannun wani, Baba a zaure, ya juyo da kunnensa wajen sallamata. Inna ce ta faɗa min: tun kafin tafiyata idonsa ya fara tafiya, ita ke zura masa zare a ɓoye.

"Ya fita da kai ne don ya roƙe ka ka zauna ka riƙe shagon," in ji ta. "Bakinsa ya kasa. Da ya dawo cewa ya yi, yaron ya ga hanya, a bar shi."

Na yi kuka, kuma har yau abin yana ci na. Baba ya ƙara shekara shida, kullum ina gefensa, amma bai sake ganin fuskata ba. Abin da na koya shi ne, idan babba mai kunya ya tambaye ka abin da yake gabansa ƙiri-ƙiri, ka daina sauri, ka juya ka dube shi da kyau.