Guggurun da Babana Ya Juye a Masai

Shekaru masu yawa a baya, muna zaune a Panshekara ina 'yar shekara tara ko goma, na yi gaba da mahaifina kwana uku cur a kan gugguru. E, gugguru dai da kuka sani. Ku yi dariyarku, amma ni a lokacin ji nake duk Kano ba a taɓa zaluntar wani kamata ba.

A gidanmu ba da mai ake gugguru ba, da yashi ake yi. Mahaifiyata takan ɗora kasko a murhu, ta zuba yashin kogi mai laushi, ta bar shi ya ɗau zafi har in ka kai hannu kusa sai ka janye. Sannan ta watsa ƙananan masarar nan da ake kawo mata daga ƙauye, ta yi ta juyawa da muciya. Can sai ka ji tas, tas-tas, suna tsalle suna faɗowa ƙasa, mu muna wawaso. Da gwangwanin madara da aka huhhuda da ƙusa take kwashewa, ta girgiza yashin ya zube, ta barbaɗa gishiri. Illarsa ɗaya, in an soya sau uku sau huɗu yashin yakan yi baƙi, sai an ɗebo sabo.

To, sai na cika izu biyar a makarantar allo. Al'adar makarantarmu, duk wanda ya kai nan yakan kawo sadaka ranar Laraba a raba wa yara. Akwai wata yarinya da muke takun saƙa da ita, wadda ta riga ni ta kawo waina. Ni kuwa da bakin tsiya na bi kowa na shaida masa cewa gugguru zan kawo daro guda, sai an ci an bari.

Ranar Talata mahaifiyata ta aike ni ɗebo yashi. Can sama wajen gada muke ɗebowa, da nisa. Ni sarkin wayo sai na yanke hanya, na gangara wani wuri kusa, inda wata babbar kwata daga kamfanonin Challawa take shiga kogi. Yashin wurin laushi kamar gari, har da wani ɗan kore-kore da ya burge ni. Wari kuwa ban ji ba, don a zamanin duk unguwar warin fata take, hancinmu ya daina kai ƙara. Na cika bokiti na dawo, ban faɗa wa kowa inda na je ba.

Laraba da hantsi daro ya cika har ya yi tozo. Na kai hannu, mahaifiyata ta buge shi.

"Kayan sadaka ne. Ba mai taɓawa sai Malam ya yi addu'a."

Ana cikin haka mahaifina ya turo kekensa, ya taso daga aikin kwana a kamfanin jima. Ko zama bai yi ba idonsa ya faɗa kan kaskon. Ya tsuguna, ya ɗebi yashin ya murza, ya kai hanci.

"Ina aka ɗebo wannan?"

Na faɗa masa, har da ɗaga kai, ina jiran yabo.

"Wa ya ci a ciki?"

Mahaifiyata ta ce babu. Sai kawai ya sunkuci daron ya nufi bayan gida. Ina tsaye ina kallo ya juye shi kaf a masai.

"Baba, sadakata ce fa! Me na yi muku?"

"Maigida, lafiya?" in ji mahaifiyata.

"Kaskon ma a fasa shi," abin da ya ce ke nan, ya shige ɗaki.

Haka na tafi makaranta hannu rabbana. Malam ya ce ba komai, sadaka ba ta guduwa. Amma yarinyar nan tun daga bakin zaure ta tare ni: "Ina daron? Ko a mota za a kawo shi?" Yara suka kwashe da dariya. Ranar da zan yi mulki ita ce na wuni ina haɗiyar kuka a bayan allo. Na ƙudurta a raina ni da mahaifina sai dai kallo. In ya shigo in fita. Gaisuwa sai an murɗe min kunne, ita ma a can cikin maƙogwaro.

Ranar Asabar da safe ya ce in hau bayan keke. Ya yi ta tuƙawa har muka isa daidai inda na ɗebi yashin. Wannan karon ya sa na bi kwatar da ido har sama. Ruwan baƙi-baƙi ne, kore-kore, da kumfa a kansa, ga ƙananan kifaye sun juya ciki a gefe.

"Kin san abin da muke zuba wa fata gashinta ya zube?" ya ce. "Ga shi nan. Shi yashin ya sha. Shi kika so ki raba wa 'ya'yan mutane."

Na ce, "To wa yake sako shi?"

"Ni. Ni nake buɗe bututun kamfaninmu kullum."

"Ku ce musu su daina mana, Baba."

"Na faɗa. Manaja ya kai ni taga, ya nuna min mutanen da ke tsaye a bakin ƙofa suna neman aiki. Ya ce in na gaji in yi magana."

Ƙasa da mu kaɗan wani dattijo yana ɗiba da gwangwani yana ban ruwan latas. Mahaifina ya kawar da kai.

Larabar gaba na kai sadakata. A tukunya aka yi da man gyaɗa, rabi ya ƙone don mahaifiyata ba ta saba ba, kuma daga ranar yashi bai sake hawa murhun gidanmu ba.

Yau in na tuna, kunyar mahaifina nake ji, amma fushin bai tafi ba, wuri kawai ya sake. Mutumin da bai yarda ƙwayar gugguru ɗaya ta shiga bakin ɗan wani ba, shi aka tsayar a kan bututun nan, masu kamfanin suna can a unguwannin da ruwansu ke fitowa garau. Da me za su kare kansu? Ba su sani ba? Sun sani sarai, an faɗa musu a fuska. Wallahi har yanzu in na wuce ta Challawa raina ɓaci yake.

Washegarin zuwanmu kogi, mahaifina ya ɗauki kekensa ya koma ya buɗe bututun, don mu ci tuwo. Kuma na ci.