Farantan da Inna Hajo Ta Rufe

Har gobe ba zan manta da Talatar da aka tura ni wata makarantar kwana ta 'yan mata a hanyar Gagarawa ba. Lokacin ina ƙaramin duba-gari, shekarata ta biyu a aiki, ina ji da karatuna kamar ni na kawo boko.

Ɗaliban ɗaki ɗaya ne tari ya ƙi saki. Ina shiga na ga dalili: ɗaki maƙil da gadaje, tagogi kuma an toshe su da bulo wai saboda sauro. Shugabana a Gumel ya ce ba zai sa hannu a fasa bulon ba sai ya ga shaida. In babu, haka yaran za su ƙare zango suna shaƙar numfashin juna.

Ga yadda muke gwajin. Muna da 'yan farantai masu wani abu daskararre kamar kokon da ya kwana, abincin ƙwayoyin cuta ne. Akan bar su a buɗe awa ɗaya, abin da ke yawo a iska ya sauka a kai, sannan a kai ɗakin gwaji. Bayan kwana biyu ƙwayoyin kan tsiro ɗigo-ɗigo.

Takwas na zo da su. Na jera shida a buɗe cikin ɗakunan kwana, na tafi sallar azahar ban ce wa kowa uffan ba. Da na dawo, kowane faranti an kifa masa faifai, ga kwanon dambu a gefe. Inna Hajo ce, dattijuwar da ke kula da ɗakunan.

"Ɗan nan, wa ya koya maka barin abinci a buɗe?" in ji ta. "Wannan ma ba zai riƙe ciki ba. Ci dambu."

Shidan nan dai sun lalace. Amma laifina ne. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, ina cin dambun. Ta yi salati, ta yi dariya har da ƙwalla. Biyun da suka rage muka sa ɗaya a ɗakin tari, ɗaya a wani ɗakin da tagoginsa ke buɗe. Ita ta yi gadin ƙofa da tsintsiya, ko kaza ba ta gifta ba.

Ranar Alhamis farantin ɗakin tari ya fito kamar an watsa masa gero, ɗayan kuwa tsilli-tsilli. Shugabana ya sa hannu, aka fasa bulo, aka sa raga, aka rage gadaje. Kafin hutu tarin ya lafa.

Da na nuna wa Inna farantin, ta daɗe tana kallo.

"Ashe abinci ake rufewa," ta ce, "ba ɗakin 'ya'yan mutane ba."

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa: kafin ku buɗe kayan aiki, ku fara buɗe baki ku yi wa masu wurin bayani.